Wane suna za mu ba wa abin da ake lulluɓe gato da shi?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina koya wa ƴan mata yin gato, wato kek, a gidana da ke unguwar Zariya a nan Maradi, kuma na fara rubuta musu darussan da Hausa domin mafi yawansu ba su yi nisa a lakwal ba. Na rubuta darasin kwaɓi da na gashi ba tare da wahala ba, amma da na iso kan abin nan mai laushi da zaƙi da ake haɗawa da bota da garin sukari da garin shokola a lulluɓe gato da shi, sai alƙalami ya tsaya. Waɗanda suka koyi sana'ar a Yamai suna cewa "kirem", waɗanda suka koya a wurin ƴan uwanmu na Katsina suna cewa "aisin", ni kuwa ina son sunan da yarinya za ta ji ta gane aikin da za ta yi. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ina ganin bai dace mu bar madafa a baya ba.

Ga yadda abin yake, domin mai ba da suna ya san abin da yake raɗa wa suna. Ana ɗaukar bota giram 250 wadda ta yi laushin da yatsa zai lotsa ta amma ba ta narke ba, a buga ta ita kaɗai na kamar minti 5 har launinta ya koma fari-fari saboda iskar da ta shige ta. Sannan a tankaɗe garin sukari giram 500 tare da garin shokola giram 70, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana bugawa, a ƙara ɗan gishiri da madara cokali 3 ko 4 har ya yi santsin da zai bi wuƙa, ya kuma tsaya inda aka ajiye shi.

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni malamin makaranta ne a Ali Ɗan Sofo, ban taɓa gasa ko biskit ba, amma ina da abin faɗa game da kalmomin. Turancin Amurka ya ɗauko sunan abin daga farar raɓar da ke daskarewa a kan ganye lokacin sanyinsu, na Ingila da Faransanci kuma sun ɗauko nasu daga ƙanƙara, domin farin sukarin ya yi musu kama da abin da suke gani a ƙofar gida. Mu ba mu da wannan hoton, saboda haka duk wanda ya fassara shi da "ƙanƙarar gato" ya tura mai karatu wajen mai sayar da ruwan sanyi. "Kirem" ko "kirim" kuma tuni matanmu suka ba wa man shafawa shi. Shawarata ita ce a ce "lulluɓin gato".

Malam, Allah ya ƙara sani. Ni ma sana'ar nake yi a Sabon Gari, kuma lulluɓi ba zai yi mana ba, domin akwai wani abin daban da ya fi cancantar sunan, wato kwaɓin sukarin nan da ake murzawa ya yi faɗi kamar zane a ɗora wa gaton biki a gyara gefensa. Wancan lulluɓi ne na gaske, ana ɗaga shi a yafa. Wannan kuwa da wuƙa marar kaifi ake ɗibarsa ana bin jikin gato da shi ana juya faranti, kamar yadda magini ke bin bango da cokalinsa. Yaya Hajiya, me zai hana mu ce "yaɓe"?

Ƙanwata, kin kawo mu kusa, kuma tun da na karanta maganarki nake kallon bangon gidanmu. Abin da ya hana ni karɓar yaɓe shi ne, a kunnen Bahaushe yaɓe aikin laka ne da tafin hannu, ana jefawa ana dannawa, kuma idan aka ce mutum ya yaɓa abu to bai yi shi da kyau ba. Ba na son uwar amarya ta ji an ce za a yaɓe gaton ɗiyarta. Sai dai a wurin maginan nan akwai kalmar da ta fi dacewa, wato "shafe", wanda shi ne aikin ƙarshe mai santsi da ake yi wa bango bayan gini ya tsaya. Kamannin ma sun wuce yadda na zata. Magini yakan yi shafen farko don ya toshe ramuka, ya bari ya sha iska, sannan ya yi na biyu. Mu ma mukan yi siririn shafe na farko don ya kama ɓurɓushin gato, mu sa a firigo na minti 20, sannan mu yi na biyun da ido zai gani. Magini ba ya shafe bangon da bai bushe ba, mu ma ba ma shafe gaton da bai huce ba. Na taɓa yin gaggawar nan a watan Afrilu, ana jirana a gidan suna kuma an ɗauke wuta tun safe, ina kallo shafen ya zame daga gefen gato ya taru a faranti kamar miyar kuka. Bota tana narkewa tun zafi bai kai digiri 35 ba, mu kuwa a bazara muna wuce 40.

Hajiya, na janye lulluɓi, amma ina da tambaya biyu. Ta farko, me ya sa kike cewa bota alhali muna da man shanu? Ta biyu, furannin da ake matsowa a kan ƙananan gaton nan na cikin kofin takarda, ai ba shafa su ake yi ba.

Malam, da gangan na guje wa man shanu. Idan na rubuta shi a darasi, yarinya za ta tafi kasuwa ta sayo soyayyen man shanu na kwalba, wanda an riga an ƙone ruwan cikinsa, ya zama mai zalla da ba ya riƙe iska kamar yadda ake so, ga ƙamshinsa da ya dace da tuwo da miya amma yake danne shokola. Botar kanti kuwa kusan kashi 80 cikin 100 nata mai ne, sauran ruwa ne da ɗan abin madara, kuma wannan haɗin ne ke sa ta kumbura idan an buga. Saboda irin wannan dalilin ne ma na ce "garin shokola" ban ce "koko" ba, ko da yake da wannan sunan aka san ƴaƴan itacen da Kodebuwa da Gana suka fi kowa nomawa a duniya, domin koko a wurinmu abin sha ne da ƙosai. Wanda ya saba da "cakulan" na hayin Najeriya yana iya sa shi a gurbin shokola, ba a yi ɓarna ba.

Game da furanni kuwa, maginan sun sake fitar da mu. Wanda ya taɓa shiga unguwar Birni a Damagaram ya ga yadda ake fitar da zane a fuskar gida bayan an gama shafe, kuma sunan aikin zayyana. Saboda haka abin da ke cikin kwano sunansa "shafen bota", idan an sa masa garin shokola ya zama "shafen bota mai shokola", bin jikin gato da shi "shafe", matso shi ta leda mai bakin ƙarfe a fitar da fure kuma "zayyana". Na san a rubuce "shafe" yana iya zama gogewa, amma babu wadda za ta ga "shafen bota" a tsakiyar darasin gato ta nemi abin goge allo. Jiya na gwada a aji ba tare da bayani ba, na ce wa wata yarinya ta yi wa gato shafen farko, sai ta ɗauki wuƙa ta tambaye ni ko ya gama hucewa. Haka zan rubuta shi a darasi na 6.