Cire tsohuwar sitika a jikin tarakta ba tare da an ɓata fenti ba

Manomin Kadawa:
Assalamu alaikum. Tarakta ce Massey Ferguson 375 ta hannu, jikinta duk sitika: sunan masu hayar da suka riƙe ta a baya, lambobin waya, da dogon zanen gefen bonet wanda rana ta cinye har ya tsattsage. Fentin na asali ne kuma da sauransa, ba na son sake feshi. Wani ya ce in sa reza da tina. Masana, ina mafita?

Mai Feshi:
Wa alaikumus salam. Malam, ka ajiye reza da tina. Reza tana yanka fenti har ƙarfe, damina na zuwa tsatsa ta kama wurin. Tina kuwa aikinta narkar da fenti, ba ruwanta da bambanta shi da gam.

Zafi ne maganin sitika. Ka fara wanke wurin da ruwa da sabulu, domin ƙurar da ke kai ita ke karce fenti idan ana gogawa. Sannan ka samo na'urar busar da gashi ta masu kitso, ka riƙe ta kamar tazarar tsawon tafin hannu ɗaya, kana yawo da ita a kan wurin da bai wuce faɗin tafin hannu ba, na rabin minti zuwa minti ɗaya. Ma'aunin shi ne hannunka: ƙarfen ya yi zafi amma kana iya taɓa shi. Ka ɗaga kusurwa da farce ko tsohon katin ATM, ka ja a hankali, kana kwantar da sitikar baya a kan kanta. Idan ka ja ta tsaye za ta tsinke, kuma inda fenti ya yi rauni sai ta taho da shi. Da ka ji ta fara ƙarfi, ƙara zafi. Idan kuma ta yi laushi tana miƙewa tana barin gam duka a baya, zafin ya yi yawa, ka dakata ta huce kaɗan.

Na'urar zafi ta masu gyaran bodi tana haura digiri 500. Wanda bai saba da ita ba, tsayawa wuri ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi ya isa fenti ya kumbura.

Manomin Kadawa:
Na gode, Oga. To a gona take, babu wuta.

Mai Feshi:
Ka bar ta a rana daga hantsi zuwa azahar, ƙarfen da kansa zai ɗau zafin da ake so. Ko ka jiƙa tawul da ruwan zafi ka ɗora na minti 2, ka ɗaga ka ɓare, ka sake. Kada ka gwada da sanyin safiya, musamman lokacin hunturu, gutsuttsurewa kawai za ta yi.

Bakanike Sabon Gari:
Bari in ƙara a kan gam ɗin da ke saura, don a nan ake yawan yin ɓarna. Kananzir ya wadatar. A jiƙa tsumman auduga, a ɗora a kan gam minti 5 zuwa 10, a ture shi da kati, a goge da wani tsumma mai tsabta. Man gyaɗa ma yana yi, sai dai yana ɗaukar lokaci. Kada a kusanto da man burki, fetur ko abin cire jan farce. Man burki ya fi su mugunta, yana ɗaga fenti ya yamutse.

Kafin komai a gwada a ɓoyayyen wuri, kamar cikin bonet. Fentin tsofaffin taraktoci ba shi da rufin nan mai sheƙi na motocin yanzu, saboda haka ɗan ja-ja a tsumma ba abin tsoro ba ne, mataccen fentin sama ne. Amma idan wurin ya yi danƙo ko laushi, a tsaya, wataƙila an taɓa yi mata feshi mai araha.

Kada a haɗa kananzir da zafi. A gama aikin zafi, ƙarfe ya huce, injin a kashe, sannan a kawo kananzir. A tsofaffin Massey tankin mai yana ƙarƙashin bonet ne. Bayan an gama a wanke da sabulu, in ba haka ba maiƙon zai tara ƙura, sabuwar sitika ma ba za ta kama ba.

Farantin lambar inji da na shasi kada a taɓa su, da su ake sayen kayan gyara. Sitikar gargaɗi ta wajen sandar PTO, wato sandar da ke juyawa a bayan tarakta tana tuƙa kayan aiki, ma a bar ta, ko a sa sabuwa.

Hajiya Mai Taraktoci:
Zanen da ya tsattsage ɗin nan ba zai ɓaru da hannu ba. Akwai faifan roba da ake ɗaura wa na'urar huda, shi ke cinye sitika da gam tare. Kada gudunsa ya wuce juyi 4,000 a minti, a yi da gefensa, ba dannawa, ba tsayawa wuri ɗaya. A kan ƙarfe kawai. Yana ƙona roba da faiba.

Kuma ɗan'uwa ka sani, inuwar rubutun za ta fito, domin fentin ƙarƙashin sitika bai sha rana ba. Kada ka bi ta da sanfefa. Ka goge duk fuskar bonet ɗin da man goge fenti mai laushi, ba wurin kaɗai ba, sannan ka shafa folish. Bambancin zai ragu sosai, sauran kuma rana za ta daidaita shi a hankali.