Ina son fara kiwon tarwada a bayan gida, ta ina zan faro?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ɗauki adashena, kuma akwai ɗan fili a bayan gidanmu nan Kano. Niyyata in kafa tankin tampol biyu in zuba tarwada dubu. Matsalar ita ce ruwan famfo muke sha a layinmu, yau a kawo, gobe shiru. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah ku ba ni haske.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ajiye maganar tanki tukuna, ɗauko biro. Tarwada kan ci wajen kilo ɗaya na abinci mai yawo a saman ruwa kafin ta ƙara kilo ɗaya, shi ma in abincin mai kyau ne. In kowanne zai kai kilo ɗaya, kifi dubu ke nan abinci kusan tan guda, buhu mai kilo 15 sama da 60. Je ka tambayi kuɗin buhun Blue Crown ko Coppens yau, ka ninka. Wata biyun farko za ka ga abin da sauƙi, suna kan abinci mai ƙananan ƙwayoyi na 2mm. Daga wata na uku, da sun koma 4mm da 6mm, a nan adashe ke ƙarewa, mutum ya kira dillali ya sayar da kifi bai kai ba, a farashin da aka ga dama. Ni dai ka fara da 300.

Maman 'Yan Biyu:
Gaskiya Baban Khalifa ya faɗa, amma ni ruwan nan ne ya fi tsaya min a rai. Ruwan famfo akwai kilorin, sai ya kwana a buɗaɗɗen mazubi kafin ka zuba musu. Kuma in sun girma kusan kullum sai ka rage ruwa ka ƙara sabo. Ranar da aka ɗauke fa? In babu rijiya ko burtsatse kusa, ka dakata. Ka kuma san inda za ka zubar da tsohon, warinsa na haɗa mutum da maƙwabta. Ni alayyahu na shuka ina ba shi.

Ɗan Gwale:
Na gode Hajiya, akwai rijiya a gidan. Hanjin kaji fa? An ce yana rage kuɗin abinci.

Malam na Bagwai:
Yana ragewa, amma ka dafa shi, kuma sai sun girma. Ɗanye yana ɓata ruwa nan take. Sannan duk mako biyu ka tantance su, manya daban ƙanana daban, don tarwada na cin 'yar uwarta: masu saurin girma su haɗiye ƙanana, ka zuba 300 ka kwashe 200 ba ka ga gawa ba. Kada ka zuba 'ya'ya a tsakiyar hunturu, sanyi na hana su ci. Kuma tun yanzu ka shiga kasuwar kifi ta Galadima ka ji wane girma masu farfesu da masu banda ke nema, don kowannensu da nasa.