Legon sun ba ni akiyoloji, Baba ya ce tonon kabari ne, ku ba ni shawara

Sadiya Aboabo: Salamu alaikum yan uwa. Na gama SHS, wato babbar sakandare, a nan Kumasi, ajin zane na yi, yanzu admishan ya fito Jami'ar Ghana da ke Legon sun ba ni akiyoloji, wato ilimin tono kayan tarihi, haɗe da wasu kwas biyu. Ni wallahi ina so, tun 2024 da aka kawo kayan zinaren Asante fadar sarkinsu ta Manhyia, waɗanda Turawan Ingila suka kwashe tun yaƙin 1874, na je na gani na kasa daina tunanin wa ya ƙera su kuma yaya aka narka zinaren ya fito siriri haka. Toh Baba ya ce aikin tonon kabari ne da tara gumaka, bai dace da ɗiya musulma ba. Mma kuma tambayarta ɗaya, bayan shekara huɗu wa zai ɗauke ki aiki, ga shi da kuɗin cinikin waakye, wato shinkafa da wake, za a biya fis da hostel, ita ta fi son in je nasin, wato karatun aikin nas. Dan Allah wanda ya san kwas ɗin nan ya gaya min gaskiya.

Mustafa Nima: Ƙanwata ni na yi shi. Sashen tsoho ne, tun 1951 yake. Shekarar farko kwas ukun za ki yi duka, daga baya ki zaɓi wanda za ki riƙe, saboda haka shiga ba ɗaurin aure ba ne. Maganar kabari kuwa, in an fita fili abin da ya fi yawa tsingaro ne, da gawayi da ƙashin dabbobi da ragowar ƙarfen maƙera. A kafa ƙusa a ja igiya, ki durƙusa da cokalin magina kina kankare ƙasa kaɗan kaɗan, a zuba a rariya a tankaɗe, da yamma ki zauna gaban bokiti kina wanke tsingaro da buroshin haƙori kina rubuta wa kowanne lamba, bayanki kamar zai karye, amma ran da kika ga shatin yatsan wadda ta gina tukunyar a jikin yumɓu za ki manta da gajiya.

Sai dai Mma tana da gaskiya, aiki ba ya jiran mutum a bakin get. Akwai hukumar gidajen tarihi, akwai tsofaffin gine-ginen Turawa na bakin teku irin su Elmina da Cape Coast da UNESCO ta sa cikin jerinta tun 1979, akwai aikin ceto kayan tarihi kafin babban gini kamar yadda aka yi a Bui kafin ruwan dam ya rufe ƙauyuka, amma guraben kaɗan ne kuma galibi sai da mastas. Kar ki saki kwas na biyu, ki koyi zana taswira a kwamfuta tun da wuri.

Hajiya Fati Asawase: Yata ki ji maganar uwarki. Ni ban ce karatun banza ne ba, amma ɗan Zongo ba shi da kawu a ofis, nas kuwa ko a ƙauye aka jefa ta tana da sana'a a hannu. In kin tsaya da ƙafarki tarihi ba ya gudu.

Malam Idi Sabon Zongo: Hajiya ki yi haƙuri ni na saɓa miki. Sadiya ki tambayi babanki, kakanninmu ta ina suka shigo ƙasar nan? Fataucin goro ya kawo su Salaga a ƙasar Gonja, da yaƙin 1892 ya watsa garin mutane suka bazu Kete Krachi da Kumasi da Accra. Alhaji Umaru Karachi, haifaffen Kano da ya rasu 1934, ya bar rubutu da Larabci da Hausar ajami, kuma a Legon ɗin nan Cibiyar Nazarin Afirka tana da tarin rubuce-rubucen malamanmu, wa zai karanta su in ba wadda ta yi makarantar allo ba? Tsohon garin Begho da ke kusa da Hani, inda Farfesa Posnansky da ɗalibansa suka yi tono a shekarun 1970, akwai unguwar musulmi a ciki ana ce mata Kramo. Tarihinmu ne a kwance a ƙasa, kuma kullum wasu ke tono shi su ba mu labari, wannan yana min ciwo ƙwarai.

Gumaka kuma eh za ki gan su, irin na yumɓu da Farfesa Anquandah ya tono a Yikpabongo ƙasar Koma a 1985. Mai aunawa yana rubutawa ba bauta yake yi ba, Alƙur'ani ma ya umurce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen na da ya kasance. Kabari dai yana da alfarma, in abin ya taso ki tambayi malamin gidanku.

Abu Tafo: In tarihin zane da sassaƙa ne ya fi jan ki, ki duba jami'ar KNUST ta Kumasi ma, tana nan kusa, motar trotro kawai ba kuɗin hostel. Mai zane Ibrahim Mahama ɗan Tamale can ya yi karatu, yau ana baje aikinsa na buhunan koko a Turai.

Sadiya Aboabo: Na gode Allah ya saka. Hajiya na ji, zan sayi fom ɗin nasin ɗin ma kar in yi biyu babu. Malam dan Allah ko za ka zo ka yi wa Baba maganar Salaga da bakinka, kakansa daga can ya taso, ni in na fara sai ya ce yarinya ce. Yaya Mustafa fita filin nan mata suna zuwa? da hijabi babu matsala?

Mustafa Nima: Suna zuwa sosai, kwanansu daban. Ki sa hijabi mara nauyi da malfa a kai, ki nemi takalmi mai rufe ƙafa saboda kunama, kuma kar ki bar gidan sauro a gida.