Ina son zuwa aikin sa-kai cibiyar jinyar fengwin a Cape Town, ku ba ni shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na karanta likitancin dabbobi, na gama bautar ƙasa, aiki bai samu ba tukuna. Akwai wata cibiya a Cape Town, Afirka ta Kudu, mai suna SANCCOB, wadda tun 1968 take jinyar tsuntsayen teku, musamman fengwin, tsuntsun nan mai baƙin baya da farin ciki da ba ya tashi sama sai iyo. Suna karɓar 'yan sa-kai daga ƙasashen waje, amma ba albashi, kuma jirgi da masauki da abinci duk a kaina. Ina da 'yan kuɗin da na tara, yayana ya ce zai cika. Baba kuma cewa ya yi bai taɓa jin an biya kuɗi don a je a yi wa tsuntsu bauta ba. Wanda ya san wurin ko harkar, don Allah ya faɗa min gaskiya: zai amfane ni, ko asarar kuɗi ce?

Ɗan Kantin Kwari:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ni ina bayan Baba. Da kuɗin nan kin zuba kaji, ga ki likita, ba mai cutar ki a magani. Tsuntsun ƙanƙara ina ruwanki da shi?

Yayarku ta Cape Town:
Alhaji, wannan ba na ƙanƙara ba ne, ɗan Afirka ne. A gabar Afirka ta Kudu da Namibiya kaɗai yake hayayyafa, kuma yana gab da ƙarewa. A 2024 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi a jerin halittun da ke matakin haɗari mafi tsanani, don ma'auratan da suka rage ba su kai 10,000 ba. Yunwa ce kan gaba wajen kashe su, saboda sardin da sauran ƙananan kifayen da suke ci, su jiragen kamun kifi ke kwashewa.

Ƙanwata, na yi aikin nan, don haka bari in cire miki hoton da kike gani a intanet. Da sassafe za ki sa dogon takalmin roba da rigar leda mai kauri, ki kama wanke keji da goge tabarmin roba da wankin tawul, tawul kuwa ba ya ƙarewa. Sai narkar da kifi, hannu cikin ruwa mai sanyi. Ƙarnin yana bin mutum har cikin mayafi, a motar haya za ki ga ana matsawa.

Ba a ba sabon zuwa tsuntsu ranar farko, sai an ga hannunsa ya faɗa. In lokacin ya zo, zama za ki yi ki matse shi tsakanin gwiwoyinki, ki riƙe kan da hannu ɗaya, ki buɗe bakin, ki zura kifin ta kai. Bakin yana da ƙugiya a gaba, in ya cafki fata sai ya murɗa, fiffikensa kuma duka yake kamar da faskare. Kada ki sa ran zai saba da ke, ba a ma so ya saba, tunda teku za a mayar da shi.

Lokacin da na yi, mako shida ne mafi ƙarancin zaman da suke karɓa daga baƙi. In aljihu zai ɗauka ki ƙara, don sai kin fara iya aikin ne wa'adin ke cika.

Likitan dabbobi daga Zariya:
Abokiyar aiki, ki bambance abu biyu: sa-kai daban, horon ɗaliban likitanci daban. In kin shiga a 'yar sa-kai, takardarki ba za ta kai ki ɗakin tiyata ba. Ki rubuta musu kai tsaye, ki faɗi abin da kika karanta, ki tambayi me za a bari ki taɓa. Abin koyo akwai shi: ba da ruwa ta siririn bututu har ciki, ɗaukar jini, zazzaɓin cizon sauro na tsuntsaye, cutar fumfuna ta huhu, killacewa lokacin murar tsuntsaye. Wannan na ƙarshe ko a gonakin kajinmu za ki ci moriyarsa.

Ki kuma duba watan da za ki je. Fengwin yana zubar da gashinsa gaba ɗaya sau ɗaya a shekara, ya yi kamar mako uku bai shiga ruwa ba, bai ci ba. In hakan ya riski iyaye da 'ya'ya a sheƙa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, sai a kwaso 'yan tsakin a raine su da hannu. Nan ake neman hannu sosai. Yuni zuwa Agusta kuwa hunturunsu ne, ga ruwa ga iska.

Ɗan Kantin Kwari:
To Likita, duk wannan wahala, tsuntsun yana rayuwa kuwa bayan an sake shi?

Likitan dabbobi daga Zariya:
Yana yi, Alhaji. A Yunin 2000 jirgin ruwan Treasure ya nutse tsakanin tsibirin Robben da na Dassen, mai ya ɓata kimanin fengwin 19,000. Dubban 'yan sa-kai suka wanke su ɗaya bayan ɗaya, akasarinsu suka koma teku suka ci gaba da hayayyafa. Wasu kusan adadin haka da man bai taɓa ba aka ɗauke su a mota zuwa Port Elizabeth aka saki, kafin su iyo su dawo gida an share gabar.

Malama daga Jos:
'Yata, ki lallaɓa mahaifinki, kada ki tafi yana jan rai. Ki nuna masa wasiƙar gayyata da adireshin masauki. Sannan in harkar tsuntsaye kike so da gaske, ga cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI nan kusa da mu, ga dausayin Haɗeja da Nguru. Wanda ya fara da gida, in ya nemi tallafin karatu a waje yana da abin nunawa.

Yayarku ta Cape Town:
Na manta biza. Kada ki shiga da ta yawon buɗe ido ki ce za ki yi aiki, akwai wadda ake bayarwa don sa-kai, kuma sai da wasiƙar cibiyar. Ki nema da wuri, ki haɗa da katin rigakafin shawara. Kada ki ba dillali kuɗi a kan zai sama miki gurbi. Batun addini kuma ki kwantar wa Baba hankali, garin cike yake da Musulmi, abincin halal har a manyan kantuna, masallacin Auwal na unguwar Bo-Kaap tun 1794 yake. Sai dai cibiyar tana Table View, da tazara daga tsakiyar gari, ki nemi ɗaki kusa.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan rubuta musu a kan horon likitocin kafin in sake tunkarar Baba. Yaya, zan biyo ki ta akwati a kan maganar ɗaki, in akwai gidan da mata zalla ke haya.