Yarinya 'yar shekara 13 da waƙar manya: murya ce hujja?

Mai haɗa sauti: Ni dai ina nan kan bakana, a kiɗan country na Amurka murya ake saye, ba shekaru ba. Tanya Tucker tana da shekara 13 a 1972 ta rera "Delta Dawn", labarin wata mata 'yar shekara 41 da namiji ya yaudare ta har ta zautu, tana yawo da akwati a garin Brownsville. Labarin wata take bayarwa, kamar mai tatsuniya. Ina abin kunya?

Malamar murya: Malam, ka tsinci mai sauƙin ka bar mai wuyar. Tana shekara 15, furodusanta a kamfanin Columbia, Billy Sherrill, ya ɗauki muryarta a wata waƙar David Allan Coe inda ita da bakinta take tambayar namiji ko zai kwanta tare da ita. Nan babu "wata mata", "ni" ce. Wasu gidajen rediyo suka ƙi sa ta, amma ta kai lamba ɗaya a jadawalin waƙoƙin country a 1974. A Nashville kuwa, cibiyar kiɗan country, galibi marubuci daban, kamfanin da ke riƙe da waƙoƙi daban, furodusa ne ke tacewa. Manya ne duk suka zauna suka ga ya dace.

Mai haɗa sauti: Hajiya, ai waƙar alkawarin zama tare har kabari ce, masu sauraro ne suka kai ta wani wajen.

Malamar murya: To masu sauraron ai su ake sayar wa. Ga kuma maƙogwaro. A shekarun nan maƙogwaron yarinya yana kan girma, murya na yoyon iska. Don ta yi kaurin ta babbar mace sai ta danne ta daga ƙirji, ta ɗaga da ƙarfi. A yi haka kullum dare a rangadi, cikin hayaƙin sigari, ba hutu, sai ƙulluttai su fito a tantanin murya, dishewa ta zauna. Maganin farko a sauko da ma'aunin waƙar, a rage tsawon wasa, a ba ta ranakun shiru.

Lauya: Ku gafarce ni, ku duba wa ke riƙe da jaka. Ƙaramin yaro na iya warware kwantiragi, shi ya sa kamfanoni ke neman kotu ta amince da ita tun farko. Dokar Coogan a California ta ce a ajiye kashi 15 cikin ɗari na kuɗin yaro a asusun da ba a taɓawa har ya kai 18. Kashi 15 kacal fa. Mawaƙiyar country LeAnn Rimes ta ci lambar yabon waƙa ta Grammy a 1997 tana 14. A 2000 ta kai mahaifinta da abokin aikinsa kotu kan sama da dala miliyan 7, daga baya suka sasanta.

Mai haɗa sauti: Barista, na yarda da batun kuɗin. Kan waƙar Tanya ta farkon dai ban janye ba. Ta biyun ce, da ni ne a studiyon, sai na ajiye mata ita shekara uku.