Za mu faɗaɗa aikin lafiyar ƙwaƙwalwa, amma wa zai sayi maganin?

Mai tambaya, Zariya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu na kula da masu taɓin hankali da masu fama da shaye-shaye a unguwanni biyu, yanzu kuma dagatan ƙauyukan kusa sun matsa mu zo. Waɗanda suka taɓa faɗaɗa irin wannan aiki, da wane kuɗi kuka yi?

Wata Hajiya, Kano: Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara da takardu. Sai da muka yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, muka karɓi shaidar SCUML, sashen hana halatta kuɗin haram, kafin banki ya buɗe mana asusu da sunan ƙungiya. Ba mai ba da tallafin da zai zuba kuɗi a asusun mutum ɗaya.

Ma'aikaciyar jinya, Maiduguri: Gaskiyar Hajiya ce, amma ko takardun sun cika akwai sauran aiki. Tallafin da muka samu na taron bita ne da wayar da kai a rediyo. Jama'a suka waye, suka kawo 'yan uwansu, wasu ma a ɗaure, mu kuwa ba ko sisi na magani a kasafinmu. Mai wannan ciwo in ya yanke magani sai ya koma gidan jiya, dangi kuma su ce ai dama aikin iska ne. Da Amurka ta dakatar da tallafin hukumarta ta USAID a Janairun 2025, albashin ma'aikatanmu ya tsaya cak. Abin da ya rayu biyu ne: ma'aikatan asibitocin matakin farko da muka horar da mhGAP, tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na kula da ciwon ƙwaƙwalwa, domin su dama gwamnati ke biyansu, sai asusun magani mai juyawa, wato a sayar da magani a sake sayo wani da kuɗin. Mai hali ya biya kuɗin sari, marar hali a yafe masa.

Wani Malam, Sakkwato: Mu da zakkar 'yan kasuwa muke cike giɓin marasa halin nan. Attajiri ya fi sakin hannu in ka ce masa "maganin mutum goma na wata shida" a kan ka ce "faɗaɗa ayyuka". Ku ware kuɗin mota ma, shi ke hana mutanenmu komawa asibitin masu taɓin hankali na Kware ganin likita.

Wani lauya, Kaduna: Malam, zakka ta shekara-shekara ce, ciwo kuwa na kullum. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi asusu na musamman. Ku haɗu da sauran ƙungiyoyi ku je majalisar jiha lokacin kasafi, ku nemi a ware wa wannan aiki kuɗi.

Mai tambaya, Zariya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Ƙauye ɗaya za mu fara ɗauka. Anti ta Maiduguri, wa ke riƙe muku kuɗin asusun maganin, ku ko asibitin?