Ɗan koyon dambe da kuskuren atisaye

Ran Asabar da yamma, a wani fili wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, wani ɗan koyo ya ce shi kam zai bar dambe: kullum sai ya sauke hannun kariya, a make shi, yara su yi ta dariya. Manya suka zaunar da shi.

Wani dattijo, tsohon ɗan damben Arewa, ya ce, “Yaro, ba a gyara kuskure uku rana guda. Ɗauki ɗaya.” Shawararsa ita ce a kwance zaren da ake ɗaure hannun duka da shi, a yi ta maimaita tsayuwa sannu-sannu, tafin hannu a gaba, har jiki ya riƙe da kansa. Wannan ta fi shiga raina, don gaggawa ce ke kai gwiwa ƙasa, kuma a dambe gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, wato an kayar da mutum ke nan.

Wani ya ce ya sa aboki ya ɗauke shi bidiyo a waya, ya kalla da daddare idan zuciya ta huce.

Batun fushi kuwa bakinsu ɗaya: in ka ji ya taso, fita daga fili, sha ruwa, ka dawo turmi na gaba, wato zagaye na gaba.